Idan Ɗan IT Ya Zo Maka da Takarda

Duk wanda yake da kamfani a Bompai ko Sharaɗa, ko babban shago a Kantin Kwari ko Singa, ya san irin baƙin nan. Saurayi ne ko budurwa, da fayil a hammata, sun sha rana, su yi sallama su miƙa takarda mai hatimin jami'a. Abin da takardar ke roƙo bai wuce a ba su wurin sanin makamar aiki, wato IT, na 'yan watanni ba. Mafi yawan masu gida sukan yi ɗaya daga cikin biyu: ko su ce babu wuri, ko su ce "a ba shi kujera" don ganin idon wanda ya turo shi. Na biyun ya fi muni. Na taɓa ganin ɗalibin sashen akanta da ya yi wata shida a wani kamfanin sayar da kayan masarufi, abin da ya ƙware a kai shi ne sayo wa ma'aikata shinkafa da wake da kai takardu wurin hoto. Ko sau ɗaya bai ga cikin littafin cinikin kamfanin ba. Ranar da zai tafi manaja ya sa masa hannu a takardunsa duka a zama ɗaya, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Wannan rubutu na mai kamfani ne ko ɗan kasuwar da ya yarda zai karɓa, kuma yana so a rabu kowa da abin da ya samu.

Tsarin ba sabo ba ne. An kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos, a 1971, kuma shi ya ƙirƙiro shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka gama manyan makarantu suna zuwa da ilimin takarda amma hannunsu bai taɓa aiki ba. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC, da NBTE mai kula da kwalejojin fasaha, da NCCE ta kwalejojin ilimi, duk suna da hannu a ciki. Asalin shirin ya fi karkata ga injiniyoyi da masu kimiyya da aikin gona, amma yau za ka ga ɗaliban akanta da na gudanar da kasuwanci da na harkar banki su ma suna fitowa, wasu a ƙarƙashin shirin, wasu kuma da tsarin da makarantarsu ta yi wa kanta. Ɗan jami'a yakan yi kamar wata shida. Ɗan kwalejin fasaha da ya gama ƙaramar difloma yakan yi shekara guda kafin ya koma neman babbar. Kada a haɗa su da ɗan bautar ƙasa: shi wannan ya riga ya gama karatu, gwamnati ce ta turo shi. Ɗan IT kuwa zai koma aji, kuma za a ba shi maki a kan abin da ya yi a wurinka.

Kada kuma a haɗa shi da yaron shago. Mu a al'adarmu yaro yakan zauna da maigida shekara da shekaru, ya fara da shara da ɗaukar kaya, ya kai ga tsaron shago, har wata rana a ba shi jari a sallame shi. Wannan makaranta ce mai kyau, ita ta haifi manyan attajiran Kano. Amma ta ginu ne a kan dogon lokaci. Wanda zai yi wata shida ba shi da shekara biyun da zai ɓata yana shara kafin a yarda da shi. Idan ka ɗora shi a kan waccan hanya, lokacinsa zai ƙare yana matakin farko.

Kafin ka ce to

Tambayar farko kanka za ka yi wa, ba ɗalibin ba: wane aiki ne ya daɗe yana damuna amma babu wanda yake da lokacinsa? Kowace harka tana da irinsa. Shi za ka ba shi, aiki guda ɗaya mai farko da ƙarshe, wanda a ranar tafiyarsa za a iya ɗora shi a tebur a ce ga shi.

Ɗauki littafin bashi. Da wuya ka sami ɗan sari a Singa ko Dawanau da ba ya bin mutane kuɗi, kuma da wuya ka sami wanda zai iya gaya maka nan take nawa ne jimillar abin da ke waje, nawa ne daga ciki ya wuce wata uku, su wane ne suke biya a kan lokaci, su wane ne sai an bi su. Bashin yana warwatse ne a littafi biyu ko uku, wani a wayar maigida, wani a kan yaron da ya fi daɗewa. Ɗalibin akanta na aji uku ya karanta yadda ake kasa bashi gwargwadon tsufansa: wanda bai kai kwana 30 ba, na 30 zuwa 60, na 60 zuwa 90, da wanda ya haura. A aji abin lissafi ne kawai. A shagonka kuwa, ranar da ya jera maka su a Excel ka ga cewa, a ce, rabin kuɗin da ke waje yana hannun mutum huɗu ne, kuma biyu daga cikinsu har yanzu ana loda musu kaya, ranar za ka san amfanin kujerar da ka ba shi. Shi kuma zai koyi abin da malaminsa ba zai iya koya masa ba: cewa rasit yana ɓata, cewa mutum ɗaya yana iya bayyana da suna uku a littafi, da sunan yanka da laƙabi da sunan garinsu, kuma cewa "na turo ta waya" ba hujja ba ce sai an ga alat ya shigo.

Sito ma haka ne. A sa shi ya zauna da mai sito su ƙirga kaya, ya gwada abin da ke ƙasa da abin da ke rubuce, ya fitar da kayan da ke tafiya da sauri da waɗanda suka yi wata da watanni suna cin wuri da jari. Idan kayan abinci ne ko magani, ya jera su bisa ranar lalacewarsu, a riƙa fitar da wanda zai fara lalacewa kafin sauran. Masu karanta tallace-tallace kuma a ba su kwastomomi: su kira waɗanda suka daina zuwa su ji dalili, ko su zaga kasuwa su rubuto farashin abokan hamayya duk mako, ko su gyara shafin kamfanin na Facebook da lambar WhatsApp ta kasuwanci da aka buɗe aka manta. Wani aikin da ke cin ran masu shaguna yanzu shi ne daidaita cinikin rana: abin da ya shigo ta POS, da na tiransifa, da tsabar kuɗi, a ga ko sun yi daidai da rasit kafin a rufe. Wannan kaɗai ya isa aikin mutum.

Idan ka duba ka rasa irin wannan aiki ko ɗaya, ka ce masa babu wuri. Gaskiya ce, kuma ka taimake shi, domin zai nemi wani wurin tun da sauran lokaci.

Ka ɗan zauna da shi kafin ka rubuta takardar amincewa. Minti goma ya isa. Wane sashe yake, aji nawa, me ya karanta a zangon da ya wuce, ya iya Excel ko dai sunansa ya sani, a ina yake zaune, mota nawa zai hau kafin ya iso. Ta ƙarshen tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin wanda zai taso daga Rijiyar Zaki zuwa Challawa kullum, ba da daɗewa ba zai fara fashi idan ba a yi maganar kuɗin mota ba. Takardar amincewar ta kasance a kan takardar kamfani, da ranar farawa da ta gamawa, da sashen da zai zauna, da sunan wanda zai kula da shi, domin da ita makaranta take sanin inda za ta same shi. Ka bar ɗan sarari a ranakun. Kalandar jami'o'inmu tana motsi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ya daɗe yana jirkita lokacin fitar ɗalibai bayan an janye shi.

Akwai roƙon da za a yi maka, kuma sau da yawa daga bakin wanda kake jin nauyi zai fito: "Alhaji, ba sai ya riƙa zuwa ba, hannu kawai za ka sa masa." Ra'ayina shi ne ka ƙi. Shaidar zur ce da hatimin kamfaninka a kai, kuma ranar da malami ya zo dubawa ya tarar ma'aikatanka ba su ma san fuskar yaron ba, kai ne za ka ji kunya.

Wa zai riƙe shi

Ba kai ba. Maigida ba ya zama, yau yana Legas, gobe yana banki, jibi yana ɗaurin aure. A samu ma'aikaci ɗaya, akanta ko mai sito ko manajan ciniki, a ce wannan naka ne. Ba lallai ya zama wanda ya fi kowa iya aiki ba. Wanda ya fi haƙurin amsa tambaya ake nema. Kuma a gaya masa a fili cewa wannan yana cikin aikinsa, in da hali a ɗan ƙara masa wani abu a ƙarshen wata.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tsofaffin ma'aikata suna jin tsoron ɗan boko. Mutumin da ya yi shekara 15 yana riƙe da littafi da biro, ya ga an kawo yaro da kwamfuta an ce ya duba lissafi, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ana zarginsa, ko ana shirin maye gurbinsa. Daga nan sai littafi ya riƙa ɓata, makullin sito ya riƙa tafiya da wani. Maganin wannan a bakinka yake, tun ranar farko, a gaban kowa: "Wannan ɗanmu ne, karatu ya kawo shi, wata shida zai yi ya koma. Malam, ga shi nan a hannunka, ka koya masa yadda muke yi." Shi ma ɗalibin ka ja shi gefe ka gaya masa cewa in ya ga kuskure kada ya yi shela, ya fara kai wa mai kula da shi cikin ladabi, kuma ya gaishe da masu dako kamar yadda yake gaishe da manaja, don su ne suka san inda kowane kwali yake.

Makon farko kada a ɗora masa komai. A bar shi ya bi kaya daga inda mota ke sauke su har zuwa hannun mai saye, sannan ya bi kuɗi daga hannun mai saye har zuwa banki. Ya yi yini ɗaya a sito, ɗaya wurin kashiya, ɗaya tare da masu kai kaya. A gaya masa lokacin buɗewa da rufewa, da yadda ake yi ranar Juma'a, da irin shigar da ake so, da dokar waya. Ƙananan abubuwa ne, amma rashin faɗarsu ne ke kawo "yaran zamani ba su da tarbiyya" bayan wata ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Ba albashi yake bi ba, kuma ɗan alawus ɗin da ake biyan waɗanda ke cikin shirin gwamnati ba wani abin dogaro ba ne. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa aiki kullum ya zama nauyi ko ga mai albashi, balle ɗalibi. Ka lissafa kuɗin motarsa na zuwa da komawa da abincin rana, ka yanka masa wani abu tsayayye, ka faɗa masa tun farko, ka kuma riƙa biya a rana ɗaya da sauran ma'aikata. Kaɗan da aka sani ya fi mai yawa da sai ran da maigida ya tashi da fara'a. Wanda yake jiran kyauta ba ya iya tsara ko kuɗin adaidaita sahu na mako.

Sirri da amana

A nan ne yawancin 'yan kasuwa suke tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba. Farashin da kake saro kaya, da wurin da kake sarowa, da ribar da kake ɗorawa, su ne jarinka na gaskiya. Yaron nan kuwa wataƙila kawunsa yana layi ɗaya da kai a kasuwa. Amma tsakanin buɗe masa komai da rufe masa komai akwai hanya. Wanda ke aikin bashi yana buƙatar sanin abin da ake bin mutane, ba ya buƙatar farashin sari. Wanda ke ƙidayar sito adadi yake so, ba kuɗi ba. In harkar tana da rassa, a ba shi lissafin reshe ɗaya. In ana amfani da manhajar lissafi irin su QuickBooks ko Sage, a buɗe masa tasa ƙofar mai iyaka, kada a ba shi lambobin sirrin akanta. A rubuta 'yar takarda ta shafi ɗaya ya sa hannu cewa ba zai fitar da bayanan kamfani ko na kwastomomi ba, a kuma karanta masa ita da baki. Sunaye da lambobin wayar kwastomomi ba naka ba ne kai kaɗai. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma in suka fita ta hannun wanda ka ɗauka, kai za a tambaya. Rahoton da zai kai makaranta ma ka ce sai ka gani kafin ya miƙa.

Tsabar kuɗi kuwa, kada ka bar shi da ita shi kaɗai, kada ka aike shi banki da jaka. Ba don ana zaton ɓarawo ne ba. Ranar da dubu 50 ta yi ɓatan dabo, baƙo ake fara kallo, kuma ba shi da wanda zai tsaya masa. Ya ƙirga tare da kashiya, su sa hannu tare.

Idan mace ce, akwai abubuwan da ya kamata a shirya kafin ta zo: wurin zama da ba a cikin cunkoson maza ba, makewayi mai ƙofa, wurin salla, da lokacin tashi da zai kai ta gida kafin magariba. Ka gaya wa ma'aikatanka, musamman wanda zai sa mata hannu a takardu, cewa amana ce. Mai riƙe da makin yarinya yana da iko a kanta, kuma an san abin da wasu ke yi da irin wannan iko. Ka nuna mata wanda za ta kai wa ƙara in wani abu ya faru, kuma ya kasance ba shi ne mai kula da ita ba.

Zaman mako-mako

Kowane ɗalibi yana zuwa da logbuk, littafin da yake rubuta abin da ya yi kullum, wanda mai kula da shi zai duba ya sa hannu duk mako. Yawanci ana tara shi ne sai ƙarshe. Kada a yi haka. A tsayar da rana, a ce Alhamis bayan la'asar, a zauna minti ashirin. A karanta abin da ya rubuta. In ka ga mako guda cur an rubuta "na taimaka a ofis", to laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, alama ce ba a ba shi aiki ba. A tambaye shi abin da ya gani bai gane ba, da abin da ya gani yake ganin ba daidai ba ne.

Tambaya ta biyun ita ce mai daɗi, don a nan littafi da kasuwa suke karo. Zai ce maka, "Ranka ya daɗe, mutumin nan bashinsa ya wuce kwana 90, a ƙa'ida bai kamata a ƙara masa kaya ba." Kai kuma ka san mutumin manoma yake sayar wa, ba sa biyansa sai kaka, kuma shekara 20 bai taɓa cin maka kwabo ba. Kada ka ce masa "kai yaro ne, ba ka san kasuwa ba." Ka bayyana masa. Sannan ka bar shi ya tambaye ka ko ka taɓa lissafa abin da kuɗin nan zai juya maka da yana hannunka wata huɗun nan, da kuma abin da zai faru in mutumin ya rasu alhali babu takarda ko ɗaya tsakaninku. Wata rana kai ne da gaskiya, wata rana shi ne. Na san wani mai sayar da kayan gini da irin wannan zama ya sa ya fara rubuta yarjejeniyar bashi da shaidu, abin da Alƙur'ani ma ya yi umarni da shi a ƙarshen Suratul Baƙara, amma ya yi shekaru yana jin kunyar nema daga abokan cinikinsa.

Malami daga makaranta zai iya zuwa duba shi, wani lokaci da sanarwa, wani lokaci babu. Ka karɓe shi da kyau, ka gaya masa gaskiya, har da abin da ka ga ɗalibansu ba su iya ba. In yara uku a jere sun zo maka ba su iya jera lissafi a kwamfuta ba, malamin ne ya fi kowa buƙatar ya ji. Kuma ka karɓi lambarsa. Daga irin wannan sanayya ne ake kaiwa ga sashen malamin ya riƙa zaɓo maka ɗalibai masu ƙoƙari tun kafin su fara yawo da fayil.

In kuwa ɗalibin ne ya ƙi zama, yana fashi ko yana raina mutane, a yi masa magana sau ɗaya a keɓe, a rubuta a karo na biyu, a na uku a sanar da makaranta. Kada a kore shi a tsakiyar zango ba tare da makarantar ta sani ba, don hakan yana iya ja masa maimaita shekara.

Saura mako biyu ya tafi, ka sa ya tsaya gabanka da manyan ma'aikata ya nuna abin da ya yi da abin da ya gano, ko da minti goma sha biyar ne. Ka cike masa takardar tantancewa ta ƙarshe da gaskiya, ba da alfarma ba, ka ƙara masa da wasiƙar shaida mai faɗin takamaiman aikin da ya yi: ya tsara bashin kwastomomi kaza, ya ƙirga sito sau kaza. Irin wannan ta fi "yaro ne mai ladabi da biyayya" amfani a wurin neman aiki. In ya burge ka, ka gaya masa ƙofa a buɗe take lokacin hutu, ko lokacin da zai rubuta kundin kammala digiri yana neman kamfanin da zai yi nazari a kai, ko bayan bautar ƙasa.

Waɗannan makonni biyun kuma su ne na miƙa aiki. Fayil ɗin da ya gina ya koma kwamfutar kamfani, ba tasa ba, a goge kwafin da ke hannunsa, a rufe ƙofar da aka buɗe masa a manhaja. Sannan ya zauna da ma'aikacin da zai ci gaba da aikin, ya bar shi ya riƙa shigar da cinikin rana da hannunsa yana kallo, kullum, har ranar da mutumin zai yi daga farko zuwa ƙarshe bai waiwayo ya tambaye shi ba.